Kwandalar Pilo

Injin bugun da ke bayan shagon Aling Minyang ya girme ta, kuma duk saukowar da zai yi a kan tagulla sai kwanukan maƙwabta sun amsa. A Meycauayan ba a ƙorafi a kan irin wannan ƙara. Gari ne na maƙeran zinariya da majema, wanda kunnensa ya tsira daga bugu to hancinsa bai tsira daga wari ba. Abin da ya ɗaure wa mutanen layin kai shi ne, 'yan makonnin nan injin bai huta ba, alhali ba wanda ya ga an kawo mata babban aiki. In an leƙa an tambaya, sai ta tura tabarau zuwa goshi ta ce maɓallan riga take yi.

Ƙarya take yi, ko ƙifta ido babu. Kwandaloli take bugawa, irin waɗanda ba sa sayen ko gishiri a kasuwa, amma ƙato da gemunsa zai iya kuka in ya ɓatar da tasa.

Sana'ar gidansu ce. Herminia Mangubat, wadda gari ke kira Aling Minyang, ta tashi ta ga mahaifinta yana sassaƙa hatimin ƙarfe da ɗan kurfi, yana buga wa sojoji da 'yan sanda da masu ceto a ruwa kwandalar ƙungiyarsu, kowace da tambarinta. Da ya rasu ta zauna a kujerarsa, hannunta ma ya fi nasa natsuwa wajen zuba launi. A cikin hatiman da ya bar mata akwai guda da take ajiyewa daban, naɗe cikin tsumma mai maiƙo, na 'yan kwana-kwanan sa-kai na Bakin Kogi. Fuska ɗaya gatari ne da bakin tiyo sun gitta juna, ɗaya fuskar kuma kada ne ya ɗaga kai yana feso ruwa. Babu suna, babu lamba. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun ce a cikin hayaƙi ba a gane mai muƙami, don haka kwandalar shugaba da ta sabon shiga duk iri ɗaya ce.

Dokokinta kowa a unguwar ya sani, har waɗanda ba su taɓa riƙe tiyo ba. Ba a sayenta, ba a roƙonta. Hepe, wato shugaban ƙungiya, shi ke ɓoye ta a tafin hannunsa ya miƙo maka hannu kamar gaisuwa, in kun saki juna sai ka ji nauyi a naka. Daga ranar ba ka rabuwa da ita. In ana zaune ana ci ana sha wani ya buga tasa a tebur, dole kowa ya fito da tasa ya buga. Wanda ba shi da ita shi zai ɗauki faranti ya yi wa jama'a hidima har a tashi. In kuwa kowa ya fito da tasa, hidimar ta koma kan wanda ya fara bugawa. Sai doka ta ƙarshe, wadda aka fi tsokanar sababbi da ita: kada ka kuskura ka sa kwandalarka a hannun wani, don duk wanda ka sa wa, ka ba shi ke nan.

Da wannan dokar aka yanka ƙanenta Teofilo, wanda kowa ke kira Pilo.

Shekarun baya gobara ta tashi a wani gidan haya da ke bayan majema, irin gidajen da ake gitta wa sandunan ƙarfe a taga saboda ɓarayi. Hepe Crisanto Lumibao ya dubi rufin ya ce kowa ya ja baya. Pilo ya ji muryar mace a tagar baya, ya yi kamar umarnin bai iso kunnensa ba. Da ƙarfen ɓalle ƙofa ya fara, da ya kuɓuce masa sai ya kama sandunan da hannu, safar hannunsa ta narke a kansu. Ya fito da matar da tsohuwar uwarta. Mutanen layi suka yi ta kiran sunansa, wata mai bakin tsiya kuma ta tambayi Hepe a gaban kowa ko kashe wuta ya zo yi ko jin ɗumi. Aka yi dariya. Crisanto ma ya yi, amma a haƙora ta tsaya masa.

Da aka sallamo Pilo daga asibiti, hannuwansa biyu naɗe da bandeji, 'yan ƙungiya suka shirya masa walima a tasharsu. Minyang na wurin, ita ta kai taliya. Ana tsakiyar ci Crisanto ya buga kwandalarsa a tebur, kowa ya fito da tasa. Pilo ya yi ta fama da aljihun ƙirjinsa, ya samu ya turo ta har baki da gefen wuyan hannu. Sai Crisanto ya taso da fara'a ya tara masa tafi.

"Sako nan, ɗan'uwa, in ajiye maka."

Pilo ya sunkuya ya karkata, ta faɗa a hannun Hepe.

"Kun dai gani," in ji Crisanto, yana juyawa ga jama'a. "Shi ya ba ni."

Aka bushe da dariya, kowa ya ɗauka wasa ne. Crisanto ya jefa ta a aljihu ya koma kujerarsa. Da aka ga wasan ya yi tsawo, Mang Islaw, dattijon da ke tuƙa motar ruwa, ya ce a mayar wa mutum da kayansa. Crisanto ya ce shi ba ya karya doka don kowa. Kwandala ta hanyar musabaha take fita daga hannun Hepe, saboda haka ranar da hannun Pilo ya warke ya iya kamawa, ya zo ya karɓa. Likita ya riga ya gaya wa duk wanda ya tambaya cewa da wuya yatsun nan su ƙara rufuwa, kuma Crisanto na cikin waɗanda suka tambaya.

Ba a kori Pilo ba, ai da an kore shi da ya fi sauƙi. An bar shi yana zuwa, duk zaman da aka buga tebur shi ne marar kwandala, shi ne mai hidima, yana tallafe faranti da damatsa yana kai wa mutanen da ya koya wa hawan tsani giya. Da abin ya ishe shi ya daina zuwa. Ya kama gadin wurin ajiye motoci a ƙetaren kogi, ranar Lahadi ya zo cin abinci wurin yayarsa. Ko'ina ka gan shi da 'yar ƙwallon roba a hannun dama, yana matsawa.

A farkon abin Minyang ta ɗauka gyaran mai sauƙi ne. Hatimi na wurinta, tagulla na wurinta. Ta buga sabuwa fil, ta zuba mata ja da shuɗi, ta ajiye a gefen kwanon abincinsa. Ya dube ta, ya turo mata abarta da bayan hannu.

"Ate," ya ce, yadda ƙanne suke kiran yayarsu mace a garin, "wannan ƙarfe ne."

"Waccan ɗin fa, zinariya ce? A injin nan aka buga ta, ni na goge ta da hannuna."

"Waccan ba ni aka yi."

Ta so ta kwaɗa masa ludayi a ka. Yaron da ta goya, ta yi wa wanka, shi ne yau yake kiran aikinta ƙarfe don wani mai tumbi bai sa masa albarka ba. Amma haushin bai tsaya a kan Pilo ba, ya wuce can inda ya dace, ya samu wuri ya zauna. Ta jira shekaru su sanyaya mata zuciya, ba su yi ba. Duk Lahadin da ta ga ƙwallon robar nan sai ta ji ta tsani Crisanto sabo, kamar jiya aka yi abin.

Sai ga shi wata safiya ya shigo shagonta da ƙafarsa, yana ƙamshin man gashi. Zai ajiye shugabanci, 'yarsa ta nema masa takardun zama a Kanada, ƙungiya kuma za ta yi masa bikin bankwana a filin ƙwallon kwando na unguwa, an gayyaci kowa da kowa. Kwandalarsa ya kawo a ɗan wanke masa. Bai sa mata a hannu ba, a kan kanta ya ajiye, yana murmushin wanda ya san doka. Ya ce kada a goge ta da yawa, yana son a ga tsufanta. Sannan, kamar abin faɗo masa ya yi, ya tambayi lafiyar hannun.

Ta ce hannu na nan. Ta tambaye shi ko da kwandala biyu zai tafi Kanada.

"Aling Minyang, ni fa ban hana shi ba. Hannu ya kama, shi ke nan. Ba ni na yi dokar ba."

Ta sa kwandalar a ƙarƙashin gilashinta ta daɗe tana kallo fiye da yadda wanki yake bukata: inda hancin kada ya suɗe, inda ja ya dushe, 'yan ƙarce-ƙarcen da makullai suka yi mata a aljihu. To, abin da mutumin nan yake taƙama da shi ke nan. Jarumta dai unguwa ta san ba shi da ita. Abin da ya riƙe shi a tsaye shi ne, shi kaɗai ke bayarwa, kuma kaɗan ne suke da ita. Ta ɗan shafe ta da tsumma ta turo masa. Yana fita ta jawo akwatin hatimai.

Ta bi masu gwangwan ta kwashe tsofaffin kawunan famfo da mariƙan ƙofa da duk abin da aka yi da tagulla. Ta narka, ta zuba, ta murje, ta yanka da'ira-da'ira. Injin ya yi ta sauka. Bayan bugu sai magagari a gefe, sai launi da bakin sirinji, ɗigo-ɗigo, ja a bayan gatari, shuɗi a ruwan kada, sai gashi a tanda. A nan aikin kowane maƙeri yake ƙarewa, nata kuwa da saura, don sabuwar kwandala daga nesa ake gane ta. Ta zuba su a ganga tare da yashi da tsofaffin makullai ta yi ta juyawa. Ta turara su da ruwan tsami da gishiri har suka yi duhu. Ta bi hancin kowane kada da guntun fata ta suɗe shi, kai ka ce babban yatsa ya yi shekaru yana shafa wurin. Bayanta ya ƙage, idanunta suka yi ja, amma rabon da ta ji daɗin aiki haka tun tana budurwa. Da ta baje su a tire ta duba, ta san ko mahaifinta ne ya tashi ba zai ware ta jiya da ta zamaninsa ba.

Rabon ma bisa doka ta yi shi, don ba ta son a ce ta yi ha'inci. Ta sa rigar coci ta shiga kasuwa tana miƙa wa mutane hannu. Da Aling Sepa mai kifi ta fara, ƙawarta tun makaranta.

"Takara kika fito," in ji Sepa, tana goge hannu a gaban riga, "ko mutuwa za ki yi kike bankwana?"

"Kawo hannun dai, tsohuwar banza, na saba da ƙarninki."

Sepa ta buɗe tafinta ta gani, ta rufe da sauri. Ta ce wannan ai ta 'yan kwana-kwana ce, ita kuwa ko kyandir da baki take kashewa, daga nesa. Minyang ta raɗa mata abin da za ta yi da ita ranar biki. Sepa ta tuna shekarar da rumfarta ta ƙone ƙurmus motar Crisanto na tsaye tana jiƙa shagon surukinsa da wuta ba ta ko kai ba. Ta ce a ciko mata jaka, ita za ta ji da masu kaza da masu kayan miya.

"Pilo ya sani?"

"In ya ji daga bakinki, sai na soya ki tare da kifinki."

Daga nan abin ya bazu. Direbobin babur mai ƙafa uku, mata masu wankau, mai aski, mai sayar da kyandir a bakin coci, har Mang Berto mashayi da ke kwana a gindin gada, kowa sai da aka gaisa da shi. Wasu sun karɓa don suna da tsohon ciwo da Hepe, wasu don Pilo, yawanci dai don ba a ƙin kallo kyauta. Abin mamaki, kasuwa guda ta riƙe sirri. Ba wanda ya so ya ɓata wa kansa biki.

Lahadin da ta rage kafin ranar, Pilo ya zo ba ƙwallon roba. Ya ci abinci da yawa, har ya nemi ƙari. Da suka gama ya ɗora murfin kwalba a tafin hannunsa na dama ya ce ta duba. Yatsun suka fara lanƙwasowa a hankali, fatar da ta yamutse tana jan juna, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Suka rufu. Ba sosai ba, amma da ya kifa hannun murfin bai faɗi ba. Ya ce zai je bikin. Bayan jawabi zai tashi a gaban kowa ya miƙa hannu, ya ga ta inda Hepe zai bi ya ƙi.

Minyang ta dubi buhunan kwandalolin da ta lulluɓe da tabarma a kusurwar shago, rabinsu ya riga ya ƙare. Akwai lokaci. Kalma ɗaya za ta gaya wa Sepa, kasuwa ta bar kwandalolinta a gida. Ta yi tunanin haka har ta gama wanke kwanuka. Amma ta san Crisanto, zai ce yatsa ɗaya bai taɓa ba, ko ya ce ya manto ta a gida, ya bar ƙanenta tsaye da hannu a miƙe a gaban gari guda. In ma ya bayar, sai a tafa masa, ya hau jirgi da sunan mai adalci. Wannan ta biyun ita ta fi ƙona mata rai. Ba kwandala kaɗai take so ba, so take ta ga fuskarsa ta zube. Ta ce wa Pilo Allah ya sa a dace, ta ƙulle masa sauran kifin ya tafi da shi.

Ranar biki tun la'asar filin ya cika. An jera tebura har ƙarƙashin kwandon ƙwallo, ga gasasshen alade, ga taliya tire-tire, na'urar waƙa tana ta kuka a hannun wani da ya ɗauka yana da murya. 'Yan kwana-kwana suna gaba cikin jajayen riguna. Minyang da Pilo suna tebur ɗaya da Sepa da mutanenta. Pilo ya sa rigarsa ta ƙungiya wadda ta yi masa yawa yanzu, hannunsa na dama a kan cinya yana buɗewa yana rufewa. A aljihun Minyang akwai kwandala guda da ta ware masa, wadda ta fi kowace kyau. Ta san ba a taɓa cire sunansa daga ƙungiya ba, ta kuma tabbata in ya ga gari ya tashi dominsa, zai karɓa ya buga.

Crisanto ya yi jawabi mai tsawo. Ya yi maganar 'yan'uwantaka, ya yi maganar sadaukarwa, har muryarsa ta ɗan karye a inda ya dace. Ya fito da kwandalarsa ya ɗaga sama, ya ce wannan ɗan ƙarfen ba ya shiga aljihun kowa sai wanda ya taɓa shaƙar hayaƙi don wani, kuma shi ya san fuskar duk wanda ya ba. Ya ce bari ya yi ta ƙarshe. Ya buga ta a tebur.

Jajayen riguna suka amsa, ɗaya bayan ɗaya. Crisanto ya fara juyo da murmushinsa wajen teburin Pilo.

Sepa ta buga tata.

Sai mai aski, sai direbobi, sai filin gaba ɗaya. Ƙarar ta cika wurin kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, kwalabe suna rawa, wasu suna bugawa suna ƙara bugawa don daɗi. Sepa ta kifar da jakarta, sauran da ba ta rabar ba suka zube a tsakiyar teburinsu, tsibi guda. Minyang ba ta kalli ko ɗaya ba, fuskar Crisanto take kallo. Ta ga murmushin ya tsaya inda yake ba shi da wurin zuwa, ta ga leɓensa na ƙasa ya saki. Daɗin da ta ji ya ratsa ta har yatsun ƙafa, ba ta kuwa ji kunyarsa ba ko kaɗan.

Crisanto ya sauko daga mazauninsa ya nufi teburin da ya fi kusa, inda Mang Berto yake zaune da kwandalarsa a gaba. Ya sunkuya ya juya ta da ɗan yatsa, ya fito da tasa ya kara. Wani cikin jajayen riguna ya ce jabu ce.

"To nuna min inda ta bambanta, ranka ya daɗe," in ji Mang Berto. "Ni ma na sha hayaƙi, na taba."

Filin ya ɗauki dariya. 'Yan kwana-kwanan ne kaɗai ba su yi ba, kowa ya sunkuya yana duban tasa, wani ma ya janye hannunsa daga kanta a hankali ya bar ta nan. Daga baya aka fara kiran faranti, faranti, Hepe ya ɗauki faranti. Mang Islaw ya tashi ya ce doka ce, kowa ya buga, hidima ta koma kan mai bugun farko. Wata mata ta ɗauko babban farantin giya ta dire a gaban Crisanto.

Bai taɓa shi ba. Ya tsaya yana numfashi, idonsa yana bin tebura har ya sauka a inda yake nema. Ya tako a hankali, mutane suna ba shi hanya.

"Ba kowa ba, Islaw," ya ce. "Akwai ɗan ƙungiya da bai buga ba."

Minyang ta zaro ta aljihunta ta tura gaban ƙanenta. Ta ce masa ƙasa-ƙasa ya buga, don Allah ya buga, duk dominsa aka yi. Pilo bai ko dubi wurin ba. Tun da ƙarar ta fara bai motsa ba, yana kallon tsibin da ke tsakiyar teburin. Yanzu ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa, ya miƙa wa Hepe hannun dama. Hannun a buɗe yake, a shirye.

Crisanto ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da wata kwandala. Ashe ya zo da ta Pilo. Ko da niyyar bayarwa ya zo, ko da niyyar nunawa ya mayar, wannan Minyang ba za ta taɓa sani ba, kuma zai daɗe yana hana ta sakewa. Ya dubi hannun da aka miƙo masa, ya dubi Minyang ido cikin ido. Ya kai nasa hannun saman tsibin ya buɗe yatsu. Ta faɗa, ta gangara, tsibin ya ɗan zame ya rufe ta.

"Ga taka nan. Ɗauka ka buga."

Pilo ya sauke hannunsa. Ya juyo ga yayarsa, muryarsa ba faɗa a cikinta.

"Ate, wacce ce?"

Ta jawo tabarau ta sunkuya. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ajiye, ta ɗauki wata. Ta shafa hancin kada, ta kai gefen kusa da ido, ta auna nauyi a tafi. Ta san hannunta, ta nemi ko wuri guda da ta yi kasala, inda launi ya yi sabo ko ƙarce ya yi yawa. Babu. Sepa ta sa hannu za ta taya ta, ta buge hannun. Can ta zaɓi guda ta ajiye a gabansa, ta ce wannan ce, ta gane ta.

Pilo ya dubi kwandalar, ya dubi fuskarta. Ya san yayarsa tun kafin ya san sunansa, ya kuma san in tana ƙarya.

"Kin iya aiki, Ate," ya ce.

Ya ratsa ta gefen Crisanto ya je inda farantin yake. Mang Islaw ya tare shi ya ce ya bari, ba wanda ya sa shi, Sepa ma ta kira sunansa. Ya ce ai doka ce. Ya kama bakin farantin da hannun dama, yatsun suka rufu a kai, ya tallafa da na hagu ya ɗaga. Kwalaben suka yi ƙara kaɗan, suka natsu. Ya juyo ya fara da teburin da ya baro.

"Ate," ya ce, "me za ki sha?"